Awon Lafiyayyar Gwiwa

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai jego da maigidanta. Barkanmu da arziki. Yaya jikin yarinyar bayan tiyatar? Yaya kuma sabon angon naki, wanda tun ranar da ya iso duniya kika manta kin bar wani tsoho a gida? Ki gaishe shi, ki shaida masa abokin takararsa yana nan tafe.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ki a waya saboda kin san halina. A waya ina fara bayani sai ki tare ni da tambaya, in rasa inda na tsaya. A takarda kuwa ina iya shimfiɗa magana in daidaita bakinta kamar yadda nake yi wa yadi kafin in sa almakashi. Direban da ya kai ki ya yi alkawarin zai riƙa miƙa miki.

Abin da zan faɗa ba na tashin hankali ba ne, amma ki zauna kafin ki karanta. Ciwon gaɓoɓin nan nawa, wanda muka saba da shi a yatsu, ya sauko gwiwar hagu. Bayan tafiyarki na wayi gari na tarar ta cika ta yi sumul, har ƙoƙon gwiwar ya ɓace, kuma in na ɗora tafin hannu sai in ji ɗumi kamar kofin shayi. Da safe takan sandare, sai na lallaɓa ta kafin ta yarda ta lanƙwashe. Wajen hantsi takan ɗan saki.

Kada ki zaci na yi sakaci. Ƙwayar mako-mako ban taɓa tsallake ta ba. Na kuma zazzage gwangwanin nan da nake tara ƙasidun asibiti, na sake karanta duk wadda ta ambaci gwiwa. Sun yi ittifaƙi a kan a ɗaga ƙafa bisa matashi, a naɗe ƙanƙara cikin tawul a ɗora na ɗan lokaci, kada a sa ta kai tsaye a fata, kuma idan zazzaɓi ya biyo baya a garzaya asibiti. Zazzaɓi bai zo ba, amma duk da haka na garzaya. Likitar gaɓoɓi ta duba, ta ce cutar ce ta motsa, ta ƙara mini maganin rage kumburi, ta ce in dawo. Na tambaye ta batun doguwar tafiya a mota zuwa ganin jikana, ta ce sai abin da gwiwar ta ce.

A shago ina zama a kan kujerar baƙi, ƙafa a kan buhun ƙyallaye, keken ɗinki a rufe yana kallona. Kowace safiya nakan ɗauki tef ɗin awo in auna gwiwar, sannan in auna ta dama domin kwatanci. Maƙwabcinmu mai aski ya leƙo ya same ni a haka, ya tambaya ko riga zan ɗinka mata, kuma in riga ce, mai hannu ko marar hannu. Shi yake sayo mini ƙanƙara, don haka nake haƙuri da bakinsa.

Roƙona guda ne: kada ki yi tunanin dawowa. Yarinyar nan ba ta iya ɗaga ko bokiti, kuma wannan ne na farinta. Ni zan zo da ƙafata in sha Allah, da rigar da zan ɗinka wa yaron da hannuna. Ki aiko mini da awonsa: ƙirji, tsawo, da hannu daga kafaɗa.

Ki huta lafiya.
Mijinki,
Tela Mai Tsanaki, kamar yadda kike kirana

*

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya da rashin barci. Yaya mai jego, ɗinkin nata yana kamewa? Yaya angon? Ina gaida surukinmu, ina kuma yi masa godiya a kan kiran da ya yi.

Saƙonki ya iso ta bakin direba, kuma bai rage masa gishiri ba. Ya tsaya a ƙofar shago ya riƙe ƙugu yadda ya ce kin riƙe, ya ce kin ce idan wata ya ƙare gwiwar ba ta saɓe ba, za ki haɗa kayanki ki dawo, yarinya ta yi haƙuri da taimakon maƙwabta. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Ba zan so a ce saboda gwiwar tsoho aka bar mai sabon ɗinki a ciki tana sunkuyawa tana wanki ba. Saboda haka na yi nazari, na kuma samo mafita, kuma ina ganin za ki yaba.

Ɗaya daga cikin ƙasidun ta ce ɗaurin gwiwa yana iya tallafa mata ya kuma taimaka wajen kumburi. Na aika mai aski kantin magani ya kawo mini irin wanda suke sayarwa domin in gani. Wallahi da kin ga ɗinkin da kin ji kunya a madadinsu. Roba ce sakwaf, mai miƙewa duk inda aka ja ta, ba ta da siffa, ba ta da kalmasa. Abin da ke bin kumburi duk inda ya nufa, yaya za a yi ya hana shi? Na mayar musu da kayansu.

Na zauna na ɗinka nawa. Na yanki yadin kaki mai kauri, irin wanda nake yi wa masu gadi wando, wanda ko kaɗan ba ya miƙewa. Na ninka shi biyu, na bi shi da ɗinki layi-layi, ina taka keken a hankali da ƙafar dama kaɗai. Hikimar tana wurin awo. Kin san idan mutum ya kawo riga ta lalace, ba awon lalatacciyar nake ɗauka ba, sai in ce ya kawo wadda ta zauna masa daidai in kwaikwaya. To haka na yi. Na ɗauki awon gwiwar dama, lafiyayyar, domin ita ce ma'auni na gaskiya, kuma ita nake so ta hagun ta koma. Idan ta samu kanta cikin awon da ya dace, ba ta da zaɓi sai ta bi. Ina mamakin yadda masu rubuta ƙasidun ba su yi wannan tunani ba, amma ba laifinsu ba ne, ba teloli ba ne.

Gobe da safe zan saka.

Game da awon yaro, direba ya ce kin yi dariya kin ce ba a auna jariri, wanda aka auna da safe ba shi ne na yamma ba. Wannan ai ba sai an koya mini ba. Na riga na yanka rigar da idona, daga farin yadin nan mai laushi da na ɓoye a ƙasan kabad. Na bar rara mai yawa a gefe da gefe, na naɗe kalmasar ƙasa da ta hannu ninki biyu, yadda duk lokacin da ya ƙaru sai a farke a saki.

Ki kwantar da hankalinki, ki kwance kayan da kika fara ɗaurewa.

Mijinki mai tunaninki,
Tela

*

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku baki ɗaya, manya da ƙarami. Na san mai aski ya riga ni kiran surukinmu a waya, kuma na san ya ƙara wa labarin abin da babu. Ga yadda abin ya faru bisa tsari.

Ɗaurin bai shiga da daɗi ba. Ya wuce ƙafa, ya wuce ƙwauri, ya zo bakin kumburin ya tsaya cak. Na kira mai aski. Ya dubi ɗaurin, ya dubi gwiwar, ya ce shi dai a iya saninsa ba a cusa kabewa a cikin safa. Na yi masa bayanin hikimar awon, ya ce tunda ni ne mai karatu shi nasa ja. Ya kawo sabulun aski ya shafe gwiwar, ya dafa bango da ƙafa ɗaya, ya ja, ni ina riƙe da kujera ina salati. Da ya shige, na ji wani irin matsi, na ce masa alamar aiki ke nan.

Kafin azahar ƙafar ta fara nauyi. Na duba na ga kumburin bai tafi ko'ina ba, gangarawa ya yi. Idon sawu ya ɓace, takalmi ya ƙi shiga, yatsun suka yi sanyi suka canza launi, ina taɓa su kamar na wani. Na yi ƙoƙarin zare ɗaurin, ya ƙi. Kin san ɗinkina ba ya farkewa, kuma ranar ce kaɗai na yi baƙin cikin haka.

Mai aski ya shigo ya gani, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Bai tambaye ni ba ya miƙa hannu ya ɗauki babban almakashina. Ke shaida ce, tun aurenmu ko ke ban taɓa bari kin yanka zare da shi ba. Na ce ya dakata in nuna masa layin da zai bi don kada ya ɓata yadin. Ya ce in na ƙara magana zai fara da gemuna. Ya zura, ya yanka a karkace, irin yankan da ko sabon ɗan koyo ba zai yi ba. Da kakin ya buɗe, jini ya sauka ƙafar kamar ana zuba mini allurai, na yi ƙara har mai kantin gaba ya leƙo.

Shi ya tsayar da tasi ya kai ni asibiti, ya kuma tafi da ɗaurin a aljihu wai shaida. Likitar ta fara duba yatsun, ta matsa, ta jira launi ya dawo, sannan ta karɓi kakin ta jujjuya shi. Ta ce ba ta taɓa ganin ɗinki mai kyau haka ba, kuma ba ta taɓa ganin mai haɗari haka ba. Ta tambayi awon wa na ɗauka. Da na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suna rawa. Bayan ta natsu ta ce, Baba, in ƙato ya zo shagonka, awon siririn ƙaninsa kake ɗauka don ya rame? Na ce a'a. Ta ce to gwiwar hagu ita ce mai ɗinkin, ita za a tambaya. Ta bayyana mini cewa ruwa ne cutar take tarawa a cikin gaɓar, matsi ba ya korar sa, magani ne ke hana shi taruwa, kuma duk ɗaurin da yatsa ba zai shiga ƙarƙashinsa ba, ko ya sa ƙafa ta yi sanyi, a cire shi nan take. Na ce ƙasidar ba ta faɗi haka ba. Ta ce ta faɗi a sa mai miƙewa, ni ne na raina shi.

Daga nan ta tsabtace wurin, ta zuƙe ruwan da sirinji, ruwa rawaya mai yawa da ban san ina ɗauke da shi ba, ta aika a gwada, ta kuma yi mini allura a cikin gaɓar. Ban kalla ba. Mai aski ya kalla, kuma ya ba ni labari dalla-dalla a hanyar dawowa ba tare da na nema ba.

Game da tafiya, ta ce na mayar da kaina baya, sai ta sake gani.

Na dawo shago na zauna, rigar yaron tana kan tebur. Na ɗauke ta ina duba rarar da na bari a gefenta, da kalmasar da na naɗe. Wanda ban taɓa gani ba na yi masa uzuri, na bar masa wurin da zai sake. Gwiwar da ta ɗauke ni shekara da shekaru, ta taka mini keke har muka aurar da yarinyar nan, ita na ce lallai sai ta shiga awon wata. Na daɗe ina shafa gwiwar.

Idan kin ga dawowa ita ce daidai, ba ni da bakin hana ki, na zubar da hujjata da hannuna. Amma ina roƙon ki ba ni zuwa ƙarshen watan kamar yadda kika faɗa da farko.

Mijinki,
Tela, wanda tsanakinsa ya yi masa yawa

*

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ki, da mai jego, da surukinmu, da angon da har yanzu yake riƙe mini mata. Na ji daɗin jin cewa yarinyar ta fara zagaya tsakar gida. Na kuma ji saƙonki cewa kin yi dariya har kin tayar da yaro daga barci, sannan kin yi kuka. Na karɓi duka biyun.

Albishirinki. Gwajin ruwan ya nuna babu ƙwayar cuta, kumburin ya saɓe sosai, ɗumin ya tafi, jiya har na ga ƙoƙon gwiwata na yi masa sannu da zuwa. Ban ce na warke ba. Likita ta ja mini kunne cewa wannan ciwo baƙo ne mai zuwa ya koma, za a ci gaba da ƙwayar mako-mako, wataƙila a gyara ta idan ya yawaita ziyara. Da safe har yanzu sai na lallashe ta. A asibitin sun koya mini motsa jiki mai sauƙi: in kwanta a gado in miƙe ƙafar, in ɗaure naman cinya in saki, in jawo diddige a hankali in mayar. Sun ce zama wuri guda yana sandarar da ita kamar yadda wahala take kumbura ta. Saboda haka yanzu nakan yi ɗinki kaɗan, in tashi in taka zuwa ƙofar mai aski, ya tsokane ni, in dawo. Ya ce shi ma yana cikin maganin, a rubuta sunansa a ƙasida.

Na ɗinka sabon ɗauri, amma kada gabanki ya faɗi. Wannan karon na kai wa likita ta gani kafin in saka. Yadi ne mai laushi mai miƙewa, a buɗe yake ta gefe, da igiya kamar ta takalmi. Ranar da gwiwar ta tashi da fushi sai in sassauta, ranar da ta huce in ɗan ja. Na yi masa aljihu a gaba inda ƙullin ƙanƙara yake zama cikin tawul, ba sai na riƙe da hannu ba. Likitar ta zura yatsu biyu a ƙarƙashinsa, suka shige, ta ce wannan tela ya tuba. Wata dattijuwa da muke layi tare ta gani ta ce tana so. Na ce sai ta zo da gwiwar da ke ciwon, ita zan auna, kuma da safe, lokacin da ta fi cika.

Yanzu ga babban labari. Ta amince in yi tafiyar. Sharuɗɗanta su ne in zauna inda zan miƙe ƙafa, in sauka in taka duk inda mota ta tsaya, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kuma kada in manta da magani. Direba ya ce kujerar gaba tawa ce, zai tura ta baya iyakarta. Mai aski zai raka ni tasha da jaka. Na bar masa makullin shago, amma almakashin na kulle shi a kabad, makullin kabad ɗin kuma yana wuyana.

Saboda haka ki zauna inda kike. Ki tanadar mini matashi guda na ƙafa da kujerar da ba ta yi ƙasa sosai ba. Rigar ta kammala, na goge ta, na naɗe ta cikin takarda.

Sai na iso.
Mijinki,
Tela

*

Zuwa ga maƙwabcina kuma aminina, mai aski,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, yaya aiki, yaya iyali, yaya kawunan jama'a? Ina fatan kana leƙa shagon, kana kuma rufe tagar baya idan hadari ya taso.

Na iso lafiya. Na sauka na taka a duk inda muka tsaya, har fasinjoji suka fara tambayar direba ko ni ne mai motar. Gwiwar ta ɗan yi gunaguni da yamma, na sassauta igiya, na ɗora ƙanƙara, da safe ta haƙura. Maman yara ta tarye ni a ƙofa, ba ta gaishe ni ba sai da ta durƙusa ta zura yatsa a ƙarƙashin ɗaurin. Tana gaishe ka, ta ce bashin ƙafa guda yana kanmu har abada. Mai jego ta murmure, tana cin abinci, tana yi mini dariya ita ma, domin labarin kabewa da safa ya riga ni isowa. Na san wanda ya aiko shi.

Yaron kuwa, malam, ƙato ne. Rigar da na yanka da idona ta tsaya masa a ƙirji ranar farko. Na karɓi reza na zauna na farke gefen, na saki rarar, ta zauna masa ɗas kamar a jikinsa aka yanka. Uwarsa ta ce ashe Baba ya san zai yi ƙiba. Na ce ban sani ba, wuri kawai na bar masa.

Da aka miƙo mini shi na shirya in ɗora shi a gwiwar dama, kamar yadda hankali ya nuna. Yana ta mutsu-mutsu har ya gangara ta hagun, ya kwantar da kai a cikina, ya yi shiru. Kakarsa ta miƙo hannu za ta ɗauke shi, na ce ta bar shi, gwiwar ba ta ce komai ba. Muna nan zaune sai na ji ɗumi yana ratsa ɗaurin. Na ce shi ke nan, ciwo ya dawo. Na duba, ashe angon ne ya yi mini fitsari tun daga aljihun ƙanƙara har igiya.

Na zo da ƙasiduna duka a jaka, kuma na tabbata babu wadda ta yi bayanin wannan. Ban ko buɗe su ba. An wanke ɗaurin, yana kan igiyar shanya kusa da rigarsa, ni kuma ina zaune da ƙafa a kan matashi ina jiran su bushe.

Ka gaida mai kantin gaba. Kada ka nemi makullin kabad, yana wuyana.

Naka,
Tela, kakan yaro